Da Wa Allon Shagonka Yake Magana?

Ranar Asabar ta farko bayan Ƙaramar Sallah, ƙanwar mahaifina, wadda duk zuriyarmu ke kira Gwaggo, ta sauka a Kano daga ƙauyenmu na ƙasar Gaya, da wata 'yar takarda ƙulle a haɓar zanenta. Jikanta ne zai yi aure, kuma ita aka ɗora wa nauyin haɗa lefe. Kuɗin da ta zo da su na sa guda ne da aka yi shekara biyu ana kiwo, da na buhunan gero da aka fitar daga rumbu, saboda haka ba kuɗin da za a miƙa wa duk wanda aka fara cin karo da shi ba ne. A jikin takardar an rubuta sunan wani shago a Kantin Kwari, da sunan gidan da yake ciki, da lambar waya. Wata 'yar uwarmu ce ta ba da shaidar mai shagon, ta ce ba ya cakuɗa atamfa ta gaske da jabu ya sayar a kuɗi ɗaya.

Na karɓi takardar ina murmushi, domin a lissafina aikin rabin sa'a ne. Mutumin da ya kwashe shekaru yana koyarwa a jami'a, ai bai kamata allon shago ya gagare shi ba. Mun shiga kasuwar da misalin ƙarfe goma na safe, ba mu zauna a kan bencin mai shagon ba sai da aka kusa kiran sallar Azahar. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan lokuta biyu, da abin da na bi diddiginsa a makonnin da suka biyo baya, shi nake son in tattauna da mai karatu a yau.

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san kasuwa ce da ta gama faɗaɗa ta gefe, ta koma hawa sama. Tana nan a Fagge, kuma daga cikinta ake lodin atamfa da shadda da leshi da yadi zuwa jihohin Arewa, har Nijar da Chadi da Kamaru. Gidajen kasuwar, waɗanda akasarinsu da sunayen masu su ake kiransu, benaye ne masu hawa biyu ko uku, wasu ma fiye da haka, kowane hawa cike da shaguna ƙofa da ƙofa. Da muka sami gidan da takarda ta ambata, sai na ɗaga kai don in nemi sunan shagon. Abin da na gani shi ne bango da baranda an lulluɓe su kaf da kyallayen roban nan da ake bugawa da na'ura, waɗanda ake kira fileks. Wani ya hau kan wani, wani ya tsinke ta gefe ɗaya yana lilo, wani kuwa rana ta cinye launinsa har ba a gane komai. Daga baya na ji cewa da dama daga cikinsu na shagunan da suka daɗe da tashi ne, masu su sun tafi sun bar sunayensu a rataye.

Na tsaya na ƙare wa ɗaya daga cikinsu kallo. A kan kyalle guda an sa sunan shago da wani irin rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, a ƙarƙashinsa jerin kalmomin Ingilishi irin su Global da Ventures da Nigeria Limited, sannan jerin duk wani nau'in yadi da aka taɓa saƙawa a duniya. Akwai lambobin waya huɗu, da tambarin WhatsApp da na Facebook da na Instagram, da adireshin reshe na biyu, da hotunan atamfa shida da aka ɗauko daga intanet, da hoton mai shagon kansa a kusurwa. Rubutun ja ne a kan shuɗi, kuma kusan duk girmansa ɗaya, babu abin da ya fi wani fitowa. Ido ya rasa inda zai fara sauka. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram ba kamar a jikin wannan baranda.

Na kira lambar da ke takarda, aka ce a kashe take. Na tambayi mutum uku sunan shagon kamar yadda aka rubuta, babu wanda ya san shi, domin a kasuwa da laƙabinsa aka san ɗan kasuwa, sunan da ke kan allo kuwa wanda ya yi rajistar kasuwanci da shi ne. Kafin wani lokaci dillalai sun hango baƙunta a fuskokinmu. Wani ya ce shagon ya tashi, amma akwai na ƙanensa a gaba kaɗan. Wani ya ce shi ma yaron shagon ne, mu biyo shi. Ban ce dukkansu macuta ba ne, neman abinci suke yi, kuma akwai na kirki a cikinsu. Amma a nan na gane cewa duk inda allo ya kasa aikinsa, wani zai yi aikin a madadinsa, kuma ladarsa daga aljihun baƙo za ta fito ko ya sani ko bai sani ba.

Gwaggo ce ta gano shagon. Tun da muka hau bene ba ta ɗaga kai ta dubi allo ko ɗaya ba, kayan da ke cikin shaguna take bi da ido. Can sai ta ja hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, tsaya. Ga shi nan." Na ce, "Gwaggo, yaya aka yi kika sani?" Ta ce an gaya mata mutumin yana jera atamfarsa ne da bakinta a waje, wato gefen nan da kamfani ke buga sunansa da lambar zane, yadda mai saye zai gani tun kafin ya tambaya. Sauran shagunan da muka wuce, in ji ta, duk sun juya bakin ciki, sun bar ado a waje. Na ɗaga kai, sai ga sunan da muke nema a saman ƙofar, fileks ɗin maƙwabcinsa ya rufe rabinsa. Sau biyu na wuce ta ƙarƙashinsa da takarda a hannuna.

Bayan an gaisa, an kawo wa Gwaggo ruwa, an fara sauke turame, sai na tambayi mai shagon wanda ya tsara masa allon. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wani yaro ne mai kwamfuta. Na ce masa ya zuba komai da komai, tunda faɗin kyallen ake biya, ba yawan rubutu ba." Wannan amsa ta warware mini abin da ya ɗaure mini kai tun safe. A zamanin fenti da buroshi, kowane harafi aiki ne kuma kuɗi ne, dole mai shago ya zauna ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci ya bar saura. Da na'ura ta zo, aka koma awon kyalle ƙafa-ƙafa, sai ƙarin kalma ya zama kyauta, wurin da aka bari babu rubutu kuma ya zama tamkar asara a idon wanda ya biya. Cunkoson da ke kan allunanmu daga wannan lissafi ya samo asali.

Da muka gama da Kwari, Gwaggo ta ce sauran turare da kayan ƙamshi, kuma ita ba ta yarda da na ko'ina ba sai na Kurmi. Muka hau Adaidaita Sahu muka shiga cikin birni. Kasuwar Kurmi, kamar yadda tarihi ya nuna, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya lura cewa kowane irin kaya yana da ɓangarensa a kasuwar, kuma akwai shugaban da ke kula da rabon rumfuna. Har yau ragowar wannan tsari yana nan. Akwai inda dukawa suke, akwai inda ake sayar da sirdi da linzami da sauran kayan doki, akwai layin littattafan addini, akwai na kayan yaji da na turare. A nan sai muka yi musayar matsayi, Gwaggo ta shige gaba ina bin ta a baya kamar ɗan rakiya.

A Kurmi kaya su ne allon kansu. Mai sirdi ya rataye mafi kyawun sirdinsa a bakin rumfa, daidai inda idon mai wucewa zai sauka. Mai kayan yaji ya tsiba citta da kanumfari da masoro a manyan kwanuka, ya sa masu launi a gaba, masu tsada a kusa da gwiwarsa. Layin turare kuwa hanci ne ke kai mutum tun kafin ido ya gani. Wannan hikima ba ta tsaya a Kurmi ba, tana nan a kowane titi na garin. Tsohuwar taya a tsaye a bakin hanya tana nufin akwai mai faci. Galan a kan benci yana nufin ɗan bumburutu. Gwangwanayen madara da aka jera kamar dala, da burodi a gefe, sun isa su sanar da kowa cewa mai shayi ya fito. Babbar lema da ɗan tebur a ƙarƙashinta ta zama alamar mai POS. Shagon aski yana da allon kawuna da aka zana, kowane da irin askinsa, mai zuwa ya nuna da yatsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke tambayar mutum ko ya yi makaranta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kira nake yi a koma jiya. Tsarin Kurmi yana aiki ne saboda kasuwar a ƙasa take, rumfa a buɗe take, kuma masu sana'a ɗaya suna zaune wuri ɗaya. Da zarar shago ya hau hawa na uku, ya shige lungu, ya sa ƙofar gilashi, to kayansa sun daina yi masa magana da mutumin da ke ƙasa. A nan rubutu ya zama dole. Matsalarmu ita ce mun bar tsohon tsari a ƙasa mun hau bene, ba mu tsaya mun koyi ƙa'idar sabon ba.

A bakin wata rumfar turare na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai a wannan rana. An kafa wani ɗan allon katako, an rubuta sunayen turarukan da ajami. Gwaggo ta tsaya ta karanta su ɗaya bayan ɗaya a bayyane, tana bin su da yatsa daga dama zuwa hagu, har da gyara wa mai rumfar wani wasali. Matar da tun safe nake yi wa kallon wadda ba ta karatu, ashe allunan ne ba a rubuta su da abin da take karantawa ba. Ta yi makarantar allo tun tana yarinya, tana karanta wasiƙa, kuma da ajamin da ke jikin takardun Naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu take tabbatar da kuɗinta. Ƙananan takardun, daga Naira biyar zuwa hamsin, an cire musu ajami tun 2007, ta Naira ɗari kuma a 2014. Irin su Gwaggo ba kaɗan ba ne a cikin masu shigowa kasuwannin Kano da kuɗi a ƙugu, amma a duk yawon da muka yi a Kwari ban ga allo ɗaya da ya yi musu sallama ba.

Wannan ya sa bayan mako biyu na koma Fagge ni kaɗai, na yi ta tambaya har aka kai ni wurin wani dattijo mai rubutun allo, a wani ɗan shago da ke warin fenti da kananzir. Ya ce ya fara sana'ar tun yana saurayi, lokacin da ake layi a ƙofarsa. Yanzu aikinsa ya koma rubutun bangon makarantu da bayan manyan motoci, sai jefi-jefi wani tsohon abokin ciniki ya tuna da shi. Na ce, "Baba, idan mai shago ya kawo maka aiki, da me kake farawa?" Ya ce, "Da ƙafa, Malam." Ya bayyana mini cewa ba ya taɓa buroshi sai ya je ya ga shagon, ya tsallaka titi ya tsaya inda mai wucewa zai fara hango shi, ya duba ta ina mutane suka fi fitowa, da ƙafa suke ko a kan abin hawa. Nisan wurin da ya tsaya shi ke gaya masa girman harafi.

Daga nan ya jero mini tsarinsa, ina rubutawa kamar ɗalibi. Abin da ake sayarwa shi ne sama, kuma shi ne mafi girma, domin baƙo atamfa yake nema ko magani ko taya, bai san sunan kowa ba tukuna. Sunan mai shago ya biyo baya, kuma sunan da aka san shi da shi a kasuwa. Lambar waya ita ce ƙarama, a can ƙasa, guda ɗaya tak, tunda ba mai bukatarta sai wanda ya riga ya tsaya. Launi kada ya wuce biyu ko uku, mai duhu a kan mai haske ko mai haske a kan mai duhu, kuma a yi hattara da ja idan allon yana kallon rana, domin shi ke fara koɗewa. Hoto guda ya isa, kuma ya zama na abin da ke cikin shagon da gaske. Sannan a bar wa rubutu fili a kewayensa, abin da ya kira wurin shan iska.

Game da inda za a kafa allo, ya ce na saman ƙofa na mutumin da ke nesa ne. Wanda ya riga ya iso bakin shago ba ya ɗaga kai, saboda haka ana sa masa ƙarami a gefen ƙofa, daidai kafaɗa. A cikin lungu mai ƙunci kuwa, allon da aka manna a bango ba ya amfanar kowa, domin mai tafiya gabansa yake kallo. Irin wannan wuri allo mai fitowa ta gefe yake so, mai rubutu fuska biyu, sama da kan mai ɗauke da kaya. Da na ji haka sai na tuna yadda na wuce ƙarƙashin sunan da nake nema har sau biyu. Ya ƙara da cewa a da idan aka ce ya haɗa boko da ajami, yakan fara ajamin daga kusurwar dama, bokon daga hagu, kowane mai karatu ya tarar da nasa a inda idonsa ya saba farawa. Na tambaye shi ko yana jin haushin na'urar da ta ƙwace masa kasuwa. Ya ce, "Na'ura ba ta da laifi, aikinta ma ya fi nawa tsabta. Ita dai ba ta taɓa tsallaka titi ta duba ba, kuma yaran da ke sarrafa ta ba wanda ya ce su tsallaka."

Akwai wani abu da dattijon ya yi ƙorafi a kansa wanda ya shafi fagena kai tsaye. Ko a 'yan allunan da aka rubuta da Hausa, haruffa masu lanƙwasa sun ɓace. Tun shekarun 1930 aka daidaita rubuta ƙ da ɗ da ɓ a aikin da aka yi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta taimaka wajen yaɗa wannan rubutu. Yau ga shi yawancin wayoyin hannu na zamani suna iya rubuta su, amma sai ka ga allon masauki yana yi wa baki maraba maimakon baƙi, ko mai yadi yana tallar bakin yadi alhali baƙi yake nufi. Mai ɗorin ƙashi da aka cire wa lanƙwasar ƙ kuwa, ba sai na faɗi abin da allonsa ya koma cewa ba. Mai fenti yakan ja wannan 'yar lanƙwasa da hannunsa ba tare da tunani ba. Mai kwamfuta sai an koya masa inda take, kuma mu da ke koyar da harshe ba mu je mun koya masa ba.

Kafin Gwaggo ta koma gida na kai ta wani babban kantin zamani a Titin Gidan Zoo, don ta sayi sabulai da man shafawa na cikin lefe. A irin waɗannan kantuna babu abin da aka ajiye da ka. An rataye allo a saman kowane layi yana faɗin abin da ke cikinsa, an manna farashi a ƙarƙashin kowane kaya, an sa abin da aka fi so a saya daidai ido, mai araha a can ƙasa sai an sunkuya, alewa da cakulan kuma a bakin wurin biyan kuɗi, daidai tsayin yaro. Ilimi ne da ake koyarwa, kuma kusan duk ƙa'idojin da dattijon Fagge ya faɗa mini suna nan a aikace. Amma a nan ne Gwaggo ta fi riƙe hannun rigata. Duk rubutun Ingilishi ne, ba ta da abin dogaro sai hoto. Ta ɗauko wata roba mai ruwan ɗorawa da hoton lemon tsami a jiki, ta ce a saya wa yara su sha. Sabulun wanke kwanuka ne. Muka yi dariya a lokacin, amma da na kwanta da dare na yi ta tunanin gidajen da irin wannan roba ke shiga babu mai karanta ta.

Wasu ƙasashe da doka suka magance lamarin. Birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil ya kafa doka a 2006 wadda ta hana manyan allunan talla, ta kuma ƙayyade girman allon kowane shago gwargwadon faɗin fuskarsa. Lardin Quebec na Kanada yana da doka tun 1977 da ta ba Faransanci fifiko a kan allunan kasuwanci, domin mutanen wurin sun ɗauki allo a matsayin wurin da harshe ke rayuwa ko ya mutu. A nan Kano ma hukuma ta taɓa shiga maganar yadda ake baje kaya, lokacin da Hisbah ta yi magana a kan mutum-mutumin tallar tufafi a 2021. Ke nan ba baƙon abu ba ne a ce fuskar shago ta shafi jama'a. Duk da haka ni ban fara da neman doka ba, domin na san yadda doka kan rikiɗe ta zama rasit da tara a hannun masu karɓar haraji, allon kuma ya zauna yadda yake.

Abin da nake nema ya fi haka sauƙi, kuma yana hannun shugabannin kasuwa da masu gidaje. A ƙofar kowane gida a kafa allo ɗaya mai ɗauke da lambobin shaguna da sunayensu hawa-hawa. Kowane shago a rubuta lambarsa a wuri iri ɗaya da na maƙwabcinsa. Wanda ya tashi a sauke kyallensa. A sa alamar matattakala da ta hanyar fita inda babu fileks ɗin da zai rufe ta, kuma duk wanda ya tuna gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili. Mai shago kuma, kafin ya biya kuɗin bugu, ya tambayi kansa wa yake son ya karanta. Idan masu sayen kayansa Hausa suke yi da shi a ciniki, me zai hana kalmar da ta fi girma a allonsa ta zama Hausa, da layi ɗaya na ajami a gefenta? Ingilishi yana iya zama a ƙasa don mai bukatarsa. Mu ma a jami'o'i muna da sassan harsuna da na zane-zane cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa. Layi ɗaya a Kwari, a tsara shi tare da masu shagunan da irin su dattijon Fagge tun suna raye, zai fi amfani a kan kundaye da yawa da ke shan ƙura a ofisoshinmu.

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma 'yan kasuwarmu ba su da na biyu wajen karɓar baƙo idan ya riga ya shigo. Mai shagon Kwari ya tashi ya ba Gwaggo wurin zamansa, ya kira ta Hajiya, ya rage mata kuɗi, ya sa yaro ya kai mata kaya har bakin titi. Allonsa ne kaɗai bai yi mata ko sannu ba, alhali shi ne ya kamata ya fara tarbar ta.

Da na raka ta tasha, na miƙa mata 'yar takardar nan na ce ta adana saboda wata rana. Ta ce in bar ta a wurina, ba ta da amfani. Akwai wata maƙwabciyarta da za ta zo haɗa lefe bayan Babbar Sallah, kuma ta riga ta shirya kwatancen da za ta yi mata: ta shiga ta wajen mai rake, ta hau bene na biyu, ta bi hannun dama har ta ga inda aka jera atamfa da bakinta a waje. Na ce, "Gwaggo, idan mai raken ya tashi fa?" Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, sai ku masu karatu ku rubuta mana abin da za mu gane." Makon jiya na bi ta wurin, na tarar mai raken ya koma tsallaken titi.